Fritz Haber (1868–1934): Rayuwar Masanin da Ya Tatso Taki daga Iska

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin rayuwar Fritz Haber, masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Jamus, wanda ya gano hanyar haɗa naitirojin da haidirojin su zama amoniya, tushen takin zamani. An ba da ƙarfi ga wani ɓangare na aikinsa da ba a cika ambatawa ba, wato nazarinsa a kan yadda wutar lantarki ke sarrafa sinadarai, domin ita ce turbar da masu bincike na yanzu suka komo. An kuma dubi rawar da ya taka a Yaƙin Duniya na Ɗaya da yadda ƙasarsa ta yi watsi da shi.

1.0 Asali da Karatu

An haifi Fritz Haber ranar 9 ga Disamba, 1868, a birnin Breslau na Furusiya, wanda a yau ake kira Wrocław, cikin ƙasar Folan. Iyayensa Yahudawa ne. Mahaifinsa, Siegfried, attajiri ne mai fataucin rini da fenti da magunguna, mahaifiyarsa Paula kuwa ta rasu makonni uku bayan haihuwarsa. Ya yi karatu a Balin da Heidelberg, inda ya zauna gaban Robert Bunsen, ya kuma sami digirin digirgir a 1891. Daga nan ya yi 'yan shekaru yana lalube: ya taɓa aikin masana'antu, ya shiga kasuwancin mahaifinsa suka kasa jituwa, ya koma jami'a a Jena. A can ne ya bar addinin iyayensa ya karɓi Kiristanci, kamar yadda Yahudawan Jamus da dama masu burin kujerar jami'a suke yi a lokacin.

2.0 Shekarun Karlsruhe

A 1894 ya sami aikin mataimaki a babbar kwalejin fasaha ta Karlsruhe, ya kuwa zauna shekara 17. Fannin da ya yi suna a kansa, wato alaƙar lantarki da sinadarai, shi ya koya wa kansa, har ya wallafa littafi a kai a 1898. A wannan shekara ya yi wani nazari da ya cancanci a tsaya a kansa. Idan aka tsoma sanduna biyu na ƙarfe cikin ruwan sinadari aka sakar musu wuta, sinadarin kan sauya kama a jikin sandar. Haber ya gwada haka da naitirobenzin, ya nuna cewa sauyin hawa-hawa yake faruwa, kuma abin da ke yanke hukunci a kan matakin da zai tsaya shi ne ƙarfin turin wutar a bakin sandar. Mai bincike yana iya zaɓen abin da zai samu ta hanyar daidaita wannan ƙarfi. A 1906 ya zama cikakken farfesa.

Babbar matsalar zamanin ita ce naitirojin. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cin sa a haka, domin ƙwayoyinsa biyu-biyu suke, ɗaure da ƙulli uku mai wuyar kwancewa. A halitta, tsawa na kwance kaɗan, sai kuma wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a saiwar wake da gyaɗa da danginsu. Manomin da ke surka gero da wake da wannan yake amfana, ko bai san sunansa ba. Turai kuwa ta dogara ne da gishirin naitiret da ake haƙowa a hamadar Chile, na taki da na albarushi duka. A 1898 masanin Ingila William Crookes ya yi gargaɗi a wani taro a Bristol cewa alkama za ta gaza wa masu cin ta in ba a sami hanyar cin moriyar naitirojin na iska ba.

Waɗanda suka fara amsa kiran da lantarki suka amsa shi. A Norwe, Kristian Birkeland da Sam Eyde sun ƙirƙiro tsawa ta hannu, suna ƙona iska da harshen wutar lantarki, aka kafa kamfanin Norsk Hydro a 1905 domin wannan aiki. Hanyar tana ci, amma tana shan wuta fiye da kima, sai ƙasa mai ruwa mai gangarowa daga duwatsu ke iya ɗaukar nauyinta. Haber ma ya yi bincike a kanta, kuma lokacin da kamfanin BASF ya ƙulla yarjejeniya da shi a 1908, wannan ɓangare ya fi jan hankalinsu.

3.0 Amoniya

Ɗaya hanyar, ta haɗa naitirojin da haidirojin kai tsaye, tana da gardama iri biyu. In zafi ya yi ƙasa, amoniya za ta iya samuwa da yawa amma haɗuwar ba ta tafiya. In zafi ya yi sama, haɗuwar na sauri amma abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Gwajin Haber na farko, a zafi kimanin digiri 1,000, ɗan mitsitsi ya bayar, har ya ajiye aikin. Abin da ya dawo da shi zafin rai ne. A taron masana a Hamburg a 1907, Walther Nernst ya ƙaryata alƙalumansa a bainar jama'a. Haber ya koma ɗakin gwaji tare da Robert Le Rossignol, ɗan Birtaniya mai gwanintar ƙera na'ura, suka bi ta hanyar matsi. Sun matse iskokin biyu kusan ninki 200 na matsin iskar sarari, a zafin da ya haura digiri 500, suna janye amoniyar da ta samu suna mayar da ragowar cikin tukunya.

Duk wannan ba zai yi ba sai da katalis. Katalis kamar dillali yake: yana haɗa masu ciniki biyu, cinikin ya faɗa, shi kuwa ya fita yadda ya shiga. Haber ya sami nasa a ƙarfen osmiyom. Ranar 2 ga Yuli, 1909, a gaban wakilan BASF, amoniya ta riƙa ɗiga daga ƙaramar na'urarsu.

Adalci ne a ce daga nan aikin na wasu ne. Osmiyom ya yi ƙaranci a duniya, saboda haka Alwin Mittasch ya yi dubban gwaje-gwaje har ya dace da wani tama daga Suwidin, ya gano cewa baƙin ƙarfe na yin aikin in an cuɗa shi da ɗan sinadarin alminiyom da na fotasiyom. Carl Bosch kuma ya yi fama da tukwanen da ke fashewa saboda haidirojin na cinye ƙarfin ƙarfensu, har ya ƙera mai bango biyu. Masana'antar farko ta fara aiki a Oppau a 1913. Haber ya riga ya koma Balin tun 1911, shugaban sabuwar Cibiyar Kaiser Wilhelm ta nazarin sinadarai da lantarki a Dahlem.

4.0 Yaƙi

Da yaƙi ya ɓarke a 1914, jiragen ruwan Birtaniya suka toshe hanyar Chile. Amoniyar da aka nufa da gona sai aka karkatar da ita zuwa nakiya da harsashi, kuma da babu ita da Jamus ba ta jure shekara huɗu ba. Haber bai tsaya nan ba. Ya miƙa kansa da cibiyarsa ga soja, ya jagoranci shirin yaƙi da iska mai guba. Ranar 22 ga Afrilu, 1915, kusa da Ypres a Beljiyam, aka buɗe dubban tukwanen kulorin, fiye da tan 150, iska ta kwashe shi zuwa ramukan sojojin Faransa, cikinsu har da 'yan Aljeriya da aka kwaso daga mulkin mallaka. Shi da kansa ya kula da shirin a fagen daga. Ba tilasta masa aka yi ba, kuma bai taɓa nuna nadama a fili ba. Hujjarsa ita ce gubar za ta gajarta yaƙin. Ba ta gajarta shi ba, abokan gaba ma suka rama da irinta.

Matarsa, Clara Immerwahr, wadda ya aura a 1901, ita ce mace ta farko da ta sami digirin digirgir a kimiyyar sinadarai a Jami'ar Breslau, amma aure ya raba ta da ɗakin gwaji. Ranar 2 ga Mayu, 1915, kwana goma bayan Ypres, ta harbe kanta da bindigarsa a gidansu. Masana tarihi sun saɓa a kan dalilinta: wasu sun danganta shi da ƙin aikin guba, wasu da ƙuncin aure da ya daɗe. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne Haber ya kama hanyar fagen daga na gabas nan take, ya bar ɗansu Hermann mai shekara 12.

An ba shi lambar Nobel ta 1918 saboda amoniya, aka sanar a 1919, masana da dama na Faransa da Ingila suka nuna ɓacin ransu. Ya shafe shekaru yana neman tace zinariya daga ruwan teku domin Jamus ta biya diyyar yaƙi, awonsa ya nuna masa zinariyar ba ta kai abin da ake zato ba ko kusa, ya haƙura.

5.0 Ƙarshen Rayuwa

A Afrilun 1933 gwamnatin Hitler ta kafa dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati. Hidimar yaƙi ta kare Haber na ɗan lokaci, amma aka umarce shi ya sallami ma'aikatansa Yahudawa. Ya ajiye aiki a ƙarshen watan. Sauya addini da kakin soja ba su amfane shi da komai ba a idon sababbin masu mulki. Ya yi 'yan watanni a Kambirij, Chaim Weizmann kuma ya yi masa tayin aiki a Rehovot ta Falasɗinu, amma ciwon zuciya ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a wani masauki a Basel ranar 29 ga Janairu, 1934, yana da shekara 65. Bai rayu ya ga yadda aka yi amfani da Zyklon B, maganin ƙwari da ya samo asali daga binciken da ya taimaka wajen kafawa, aka hallaka Yahudawa a sansanoni ba, har da wasu danginsa.

6.0 Komawa ga Lantarki

Hanyar Haber da Bosch na nan daram, kuma an ƙiyasta cewa abincin kusan rabin mutanen duniya ya dogara da takinta. Buhun yuriyar da ake zuba wa masara da shinkafa a ƙasar Hausa daga amoniya aka yi shi. Sai dai tana cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya, haidirojinta daga iskar gas ko kwal ake samun akasarinsa, kuma tana bukatar ƙatuwar masana'anta. Gerhard Ertl, na cibiyar Dahlem da aka sauya wa suna zuwa Cibiyar Fritz Haber a 1953, shi ya bayyana dalla-dalla yadda ƙullin naitirojin ke kwancewa a fuskar ƙarfe, ya sami Nobel a 2007.

Burin masu bincike a yau shi ne a yi amoniya daga iska da ruwa da wutar hasken rana, ba matsi ba zafi, a na'urar da za ta iya zama kusa da gona. Cikas ɗin yana bakin sandar lantarki, inda Haber ya fara: wutar da aka tura ta fi son tsaga ruwa ta fitar da haidirojin a kan ta taɓa naitirojin. Saboda haka ake gwada sarrafa katalis da wutar kanta, ana hawa da sauka da ƙarfinta ko kunnawa da kashewa bi da bi, domin fuskar ƙarfen ta sauya ta karɓi naitirojin. A 2019 wani nazari a mujallar Nature ya nuna cewa yawancin katalis ɗin da aka sake gwadawa cikin ruwa ba su samar da amoniya ba. Wadda aka auna a baya gurɓata ce daga iska ko kayan aiki. Hanyar da ta tsallake wannan tantancewa ita ce mai amfani da ƙarfen litiyom cikin ruwan da ba na sha ba, kuma har yanzu wutar da take ci ta fi ta masana'anta nesa ba kusa ba.