Blaise Pascal: Masanin da Ilimi Bai Ƙosar da Shi Ba

An haifi Blaise Pascal a garin Clermont na ƙasar Faransa ran 19 ga Yuni, 1623. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara uku, mahaifinsa ne ya koyar da shi a gida. Allah ya ba yaron nan kaifin basira ƙwarai. Yana da shekara 19 ya soma ƙera na'urar lissafi domin ya sauƙaƙa wa mahaifinsa aikin ƙididdigar haraji. A 1648 ya sa mijin yayarsa ya hau dutsen Puy de Dôme da kayan awo, aka tabbatar cewa nauyin iska yana raguwa in mutum ya yi sama. Har wa yau ana auna matsin iska da ma'auni mai ɗauke da sunansa.

Duk da haka ilimin nan bai kwantar masa da rai ba. In ya dubi sararin sama sai ya ga duniyarmu ba ta kai ƙwayar gero ba. In kuma ya dubi ɗan mitsitsin ƙwaro sai ya tarar da gaɓoɓi da jijiyoyi waɗanda ido ba ya iya binsu. Ɗan Adam yana tsakani, bai san farkon abubuwa ba, bai san ƙarshensu ba. Pascal ya kwatanta shi da siririn kara wanda ɗigon ruwa ya isa ya hallaka shi, amma kara ne mai tunani, wanda ya san zai mutu. Ya kuma lura cewa mutane sukan ruga wajen farauta da caca da neman muƙami don kada su zauna shiru su tuna da halin da suke ciki.

Ran 23 ga Nuwamba, 1654, da dare, wajen sa'a biyu yana cikin addu'a, sai ya sami tabbaci da salama da farin ciki a gaban Allah na Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Ya rubuta abin a takarda, ya ɗinke ta cikin rigarsa. Ba wanda ya sani sai bayan mutuwarsa, da wani baransa ya tarar da ita.

Daga nan ya ba da sauran ƙarfinsa ga bayyana bangaskiya. Ya koyar cewa wanda ya san Allah bai san zunubinsa ba, girman kai zai cinye shi. Wanda kuma ya san zunubinsa bai san Allah ba, zai fid da zuciya. A cikin Yesu Kristi ne mutum yake ganin faɗuwarsa da Mai Cetonsa gaba ɗaya.

Bangaskiyar nan ta nuna kanta a aikace. Ya karɓi wani iyali matalauta a gidansa a Faris. Da ɗansu ya kamu da agana, Pascal, wanda shi ma ciwo ya ci ƙarfinsa, ya bar musu gidan ya koma wurin yayarsa. A can ya rasu ran 19 ga Agusta, 1662, yana da shekara 39. An tattara rubuce-rubucen da bai gama ba, aka buga su a 1670 da sunan Pensées, wato Tunane-tunane.

Iyaye masu bi suna wahala domin 'ya'yansu su yi karatu, haka kuwa ya kamata. Sai dai a haɗa musu da abin da Zabura ta 8 take koyarwa: mutum ƙanƙane ne cikin halitta, darajarsa kuwa ita ce Mahaliccinsa yana tunawa da shi.