Alhaji Mamman Shata: Mai Waƙa Ya Tafi, Waƙa Ta Zauna

Duk ɗan Arewa da ya taɓa zama a Sabo ta Badun, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ko kasuwar goro ta Shagamu, ya san da wuya yini ya wuce bai ji kalangun Shata na tashi daga wata rumfa ba. Amma jin da ake yi masa yau ya bambanta da na zamanin da yake raye.

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafillace ne, kuma bai so ɗansa ya shiga waƙa ba, domin a wurinsu roƙo abin kunya ne. Tun yana saurayi ya yi tallan goro da alewa, yana yi yana rera waƙa a dandali don nishaɗi, har abin ya fi ƙarfin wasa. Daga nan ya zauna a Bakori, ya kuma yi zama a Funtuwa da Kano, yana zaga garuruwa da makaɗansa da 'yan amshi.

Abin da ya raba shi da sauran mawaƙa shi ne ba ya zama ya shirya waƙa a gida. In aka saki kalangu, nan take yake ƙaga ta, gwargwadon wanda ke zaune a gabansa da abin da ya faru a ranar. Ya yi wa sarakuna da attajirai, ya yi wa direbobi da manoma, ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har kumbon Apollo da Amurka ta aika duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na Dakta a 1988.

A lokacin nan waƙar Shata ciniki ce tsakanin rayayyu. Wanda aka yaba ya yi kyauta, wanda ya yi rowa ya kwana da fargabar zambo. Malamai da yawa sun ƙyamaci waƙoƙinsa na shaye-shaye, wasu iyaye kuwa ba su yarda a kunna shi a gidajensu ba. Waƙa ɗaya kuma ba ta fita iri ɗaya sau biyu, yau ya ƙara wani, gobe ya zubar da wani.

Allah ya yi masa rasuwa a Kano a watan Yuni na 1999, aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Daga ranar nan kowace waƙa ta tsaya yadda faifai ko kaset ya kama ta, ba ƙari ba ragi. Shi kansa Sarkin ya rasu a 2007, haka nan galibin waɗanda aka yaba da waɗanda aka yi wa zambo sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka yabon ba ya jawo kyauta yanzu, zambon kuma ba ya ƙona kowa. Abin da ya saura shi ne sunayen mutane, da garuruwa, da sana'o'i, da Hausa tsantsa, wato tarihin Arewa. Mai sauraro a Kurmi yakan tsinci sunan garinsu a ciki, ya tuna da mahaifinsa da ya fara kunna masa ita. Waƙoƙinsa na yabon Annabi da na tuna lahira kuwa sun ƙara nauyi, tun da mai faɗar ya riga ya je.

Sai dai akwai abin lura, jama'a. Yawancin abin da Shata ya rera a bukukuwa ba a ɗauka ba, ya tafi tare da shi. Wanda aka ɗauka kuma, wani yana cikin tsoffin kaset a akwatunan dattawanmu na zango, damshin Kudu yana cinsa. Wanda duk ke da irinsu, ya daure ya sa yara su juye su a waya ko kwamfuta tun kafin zaren ya ruɓe.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya gafarta masa kurakuransa, amin.