Jagadish Chandra Bose: Malamin da aka tauye wa albashi, wanda ya riga duniya isa ga igiyoyin 5G

A shekarar 1895 jama'a suka taru a babban zauren taro na birnin Kalkata don kallon wani abin mamaki. Wani malamin kimiyya ɗan ƙasar Indiya ya kunna na'urarsa a ɗaki guda, sai ƙararrawa ta kaɗa a wani ɗakin mai nisan kusan mita 23, albarushi kuma ya tashi, alhali babu wata waya da ta haɗa wuraren biyu. Saƙon ya ratsa bango kafin ya isa. Malamin shi ne Jagadish Chandra Bose, igiyoyin da ya yi aiki da su kuwa su ne waɗanda kamfanonin sadarwa ke kashe maƙudan kuɗi a yau don su mallaka.

An haifi Bose ranar 30 ga Nuwamba, 1858, a yankin Bengal, a ɓangaren da ya zama ƙasar Bangaladash. Mahaifinsa, Bhagawan Chandra Bose, mataimakin majistare ne a gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya. A zamanin da masu hali ke rige-rigen kai 'ya'yansu makarantun Turanci, shi sai ya sa ɗansa a makarantar da ake koyarwa da harshen Bengali, inda yaron ya zauna aji ɗaya da 'ya'yan masunta da 'ya'yan barorin gida, Musulmi da mabiya addinin Hindu. Har ya tsufa Bose yana danganta ƙaunarsa ga halittu da abin da ya koya daga waɗannan abokai.

Daga nan ya shiga Kwalejin St Xavier da ke Kalkata, inda wani limamin Kirista ɗan Beljiyam, Eugène Lafont, ya cusa masa son kimiyya. A 1880 ya tafi Landan karatun likita, amma rashin lafiya ya sa ya bari. Ya koma Jami'ar Cambridge ya karanta kimiyyar halitta a hannun manyan malamai irin su Lord Rayleigh, ya kammala a 1884.

Da ya dawo gida a 1885 aka ba shi aikin koyar da fiziks a Kwalejin Presidency, duk da turjiyar jami'an ilimi Turawa waɗanda ba su yarda ɗan Indiya zai iya koyar da wannan fanni ba. Tsarin wancan lokaci ya tanadi cewa ɗan ƙasa zai karɓi kashi biyu cikin uku na albashin Bature mai muƙami irin nasa. Da yake kuma a matsayin riƙon ƙwarya aka ɗauke shi, sai aka sake raba wannan gida biyu. Bose ya karɓi aikin, ya ƙi karɓar albashin. Shekara uku yana shiga aji a kan kari, yana koyarwa, yana mayar musu da kuɗinsu. A cikin wannan hali ya auri Abala Das a 1887, ga kuma bashi ya yi wa mahaifinsa katutu. Daga ƙarshe hukuma ta sauko, ta tabbatar masa da muƙamin, ta biya shi cikakken albashi har da na baya, shi kuma ya rage bashin mahaifinsa da kuɗin.

Kwalejin ba ta da ɗakin bincike na a zo a gani, kuma ba ta ware wa malamai kuɗin bincike. A 1894, shekarar da Heinrich Hertz ya rasu, Bose ya gyara wani ɗan lungu a kwalejin ya fara nazarin igiyoyin da Bajamushen ya gano. Igiyoyin Hertz dogaye ne, daga kusan santimita 60 zuwa mitoci, saboda haka kayan gwajinsu manya ne masu cin wuri. A kimiyyar rediyo girman eriya yana bin tsawon igiyar da take kamawa: in igiya ta gajarta, eriya ta ƙanƙance. Bose ya bi wannan ƙa'ida har ya kai ga igiyoyi masu tsawon milimita 5, wato masu kaɗawa sau biliyan 60 a daƙiƙa guda. Da haka duk kayan gwajinsa suka zauna a kan teburi ɗaya, ana iya zuba su a akwati a yi tafiya da su.

Abin da ya samu a kusa shi ya sarrafa, tare da taimakon wani maƙerin gwangwani da ya horar. Ya ƙera eriya mai siffar mazurari, wadda har gobe irinta ake gani a na'urorin hangen jirage da tashoshin tauraron ɗan'adam. Ya yi madubin tattara igiyoyi da farar wuta. Ya murɗa zaren da ake saƙa buhun algarara da shi, ya nuna yana juya fuskar igiya. Har wani ƙaton littafin jadawalin jiragen ƙasa ya mayar matatar igiyoyi, domin shafukansa na barin wasu su wuce, suna tare wasu. Wajen kama saƙo kuwa ya yi amfani da dutsen galina, wanda ake niƙawa a yi kwalli, kuma masana na lissafa wannan cikin matakan farko na fasahar da daga baya ta haifi ƙwaƙwalwar kwamfuta.

A 1896 Jami'ar Landan ta ba shi digirin dakta a kimiyya, a watan Janairun 1897 kuma ya gabatar da aikinsa a zauren Royal Institution. 'Yan kasuwa sun neme shi da tayin kuɗi, da sharaɗin ya ɓoye wasu bayanai har a yi rajistar mallaka. Ya ƙi, domin a ganinsa ilimi ba haja ba ne. Sai da wasu ƙawayensa biyu, Sara Bull 'yar Amurka da Sister Nivedita, suka matsa masa kafin ya nemi takardar mallakar na'urarsa ta galina, wadda Amurka ta ba shi a 1904. Bai taɓa neman riba da ita ba.

Guglielmo Marconi, ɗan Italiya, ya bi wata hanya dabam. Ya yi rajistar ƙirƙirarsa, ya kafa kamfani a Birtaniya, ya rungumi dogayen igiyoyi masu cin dogon zango. A watan Disambar 1901 ya sanar da cewa ya kama saƙon da ya tsallaka Tekun Atilantika, a 1909 kuma ya raba kyautar Nobel da Karl Ferdinand Braun. Na'urar kama saƙo mai amfani da zaiba da Marconi ya yi aiki da ita a wannan gwaji ta yi kama ƙwarai da wadda Bose ya bayyana a mujallar Royal Society tun 1899. A 1998 wani injiniya, Probir Bondyopadhyay, ya wallafa bincike a mujallar ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE yana kafa hujja cewa asalinta daga Bose take. Marconi ya cancanci yabo a kan mayar da rediyo sana'a, amma wanda ke da jari da kamfani shi ne sunansa ya shiga littattafan makaranta.

Wajen shekarar 1900 Bose ya karkata ga tsirrai. Ya ƙera na'urar da ke auna girman tsiro tana ninka motsinsa sau dubbai, ya nuna tsirrai na aika saƙon lantarki a jikinsu idan an taɓa su, ko an ƙona su, ko an ba su guba. Wasu masanan Birtaniya sun yi masa taron dangi, suna ganin ya shiga gonar da ba tasa ba, wasu daga cikin fassarorinsa kuma har yau ana jayayya a kansu. Duk da haka an ba shi lambar girma ta Sir a 1917, ya zama ɗan Royal Society a 1920. Ranar da ya cika shekara 59 ya buɗe Cibiyar Bose a Kalkata, don ɗalibin Indiya ya sami ɗakin binciken da shi bai samu ba. Ya rasu ranar 23 ga Nuwamba, 1937, a garin Giridih.

Gajerun igiyoyinsa sun daɗe a gefe, domin ba sa tafiya nesa, ruwan sama da gine-gine na raunana su. Cunkoso a ƙananan zanguna shi ya dawo da duniya kansu. Babban zangon 5G yana farawa daga kusan gigahaz 24, inda eriya guda ba ta wuce 'yan milimitoci, har a jera da yawa a gefen wayar salula don su haɗa ƙarfi su nufi wuri ɗaya. Injiniyoyi na buga irin waɗannan eriyoyi a kan leda mai lanƙwasuwa ko a kan yadi, don agogon hannu da rigunan da ke auna bugun zuciya. Kacici-kacicinsu shi ne yadda eriya za ta riƙe zangonta idan ta lanƙwashe, da yadda za a hana jikin mutum shanye saƙon.

A Najeriya, gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi a Disambar 2021 na zangon gigahaz 3.5 ne, inda MTN da Mafab kowanne ya yi nasara a kan dala miliyan 273.6. Wannan zango yana ƙasa nesa da gigahaz 60 da Bose ya kai tun 1895, da farar wuta da zaren buhu, a kwalejin da ta fara yanka masa sulusin albashin Bature.