Mai Jimina: Sojan Dokin Da Zazzaɓi Ya Kayar A Ƙasar Kano

Cikin Turawan da suka ci ƙasar Hausa da yaƙi, kaɗan ne Hausawa suka yi wa laƙabin da ya shafe sunansu na yanka. Kyaftin George Abadie na cikinsu, domin a ƙasar Zazzau da kudancin Kano Mai Jimina aka san shi da shi. An haife shi a 1873 a gidan soja. Mahaifinsa, Janar Henry Abadie, hafsan sojan doki ne na Ingila, shi ma ɗan da rundunar mahaya dawaki masu masu ya fara aiki, kafin ya gangaro Afirka ta Yamma ya shiga ƙarƙashin Gwamna Lugga.

Mutanen Karaye da Rogo suna da dalilin sanin wannan mutum. Yankinsu yana bakin iyakar Kano da Zazzau da Katsina, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 zama a bakin iyaka zaman ɗar-ɗar ne. Baba ta Karo, wadda ta tashi a Karo kusa da Zarewa, ta ba da labarin yadda mahara ke kwashe mata da yara a gona, dangi su yi ta fafutukar tara kuɗin fansa. Duk wanda ya karanta littafin tarihin rayuwarta, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, zai fahimci abin da ya sa talakawa da yawa ba su zubar da hawaye ba da tsohon tsari ya rushe.

A cikin wannan hali Abadie ya iso. Bayan Turawa sun ci Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim ɗan Nagwamatse ya yi arewa da rundunarsa ya addabi ƙasar Zazzau, har Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi agajin Turawa. A farkon 1902 Abadie, da 'yan tsirarun sojan doki, ya bi sawun Ibrahim ya kama shi a wajajen Maska, yamma da Rogo. Bajinta ce, babu mai musu. Daga nan ya zauna Zariya a matsayin Razdan na farko.

To amma mai karatu ya dubi yadda aka saka wa kowa. Kafin shekarar ta ƙare, Razdan ya kama Kwasau, mutumin da ya buɗe masa ƙofa, bisa zargin yana ƙulla wata da Sarkin Kano Alu. Aka kai shi Wushishi, aka tuɓe shi, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi, daga bisani ya rasu a gudun hijirar dole a Lakwaja. Shi kuwa Ibrahim, wanda saboda harinsa aka zo, an mayar da shi gadon sarautar Kwantagora a 1903. A ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa hana kamun bayi ba shi ne ma'aunin da Mai Jimina da ubangidansa suke auna sarakuna da shi ba. Wanda zai yi biyayya suke nema. Lafiyar da manomin Zarewa ya samu gaskiya ce, sai dai ribar ƙafa ce.

Zariya ce ta zama matattakalar cin Kano. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga can, Abadie na tare da shi a matsayin jami'in siyasa. Suka fasa Bebeji, suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, sannan Sakkwato ranar 15 ga Maris. Tun a 1902 aka ba shi lambar girma ta CMG.

Bai ci moriyarta ba. A Fabrairun 1904 zazzaɓi mai tsanani ya kashe shi a ƙasar Kano yana ɗan shekara 30, shekara guda bayan faɗuwar birnin. Wansa Harry, shi ma sojan doki, taifot ta riga ta kashe shi a yaƙin Afirka ta Kudu a 1901. Ƙannensa biyu, Eustace da Richard, sun mutu a Yaƙin Duniya na Farko, ɗaya a 1914, ɗaya a 1917. Sunayen su huɗun suna rubuce a bangon babbar majami'ar Kantabari a Ingila.