Jean-Baptiste Charcot: likitan da ya bar asibiti ya bi ƙanƙara har ajali

Masu kuɗin da ke hawa jiragen yawon buɗe ido zuwa Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙurewar kudancin duniya, sukan sauka a tsibirin Petermann don kallon tsuntsayen fengwin, waɗanda ba su tashi sama, sai dai su yi tafiya tsaye kamar mutane. A wannan tsibiri ne wani likita Bafaranshe da mutanensa suka kwashe lokacin hunturu na 1909, ƙanƙara ta kewaye jirginsu. Sunansa Jean-Baptiste Charcot.

An haife shi ranar 15 ga Yuli 1867 a Neuilly-sur-Seine, kusa da Paris. Mahaifinsa, Jean-Martin Charcot, shahararren likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma ɗan ya karanta likitanci kamar yadda ake so a gida. Amma zuciyarsa tana teku. Bayan rasuwar uban a 1893, sai ya riƙa zuba gadonsa a jiragen ruwa.

A 1903 ya tashi da jirgin Français zuwa Antaktika. Ayarinsa ne ya gano mashigin Port Lockroy, inda ƴan yawon buɗe ido ke tururuwa a yau. A farkon 1905 jirgin ya bugi dutse, ma'aikata suka yi ta kwarfar ruwa ba dare ba rana har suka kai Ajantina, inda aka sayar da shi. Tafiyar ta ci masa aure, domin matarsa Jeanne, jikar marubuci Victor Hugo, ta rabu da shi saboda dogon rashinsa.

Bai karaya ba. A 1908 ya koma da sabon jirgi mai suna Pourquoi-Pas ?, wato me zai hana. A lokacin da wasu ke tseren riga kafa tuta a tsakiyar nahiyar, shi ya tsaya kan aikin da ba ya jawo tafi: awon gaɓar teku, lura da yanayi, nazarin tsuntsaye da halittun ruwa. Ya dawo a 1910 da taswirar gaɓa mai tsawon kusan kilomita 2,000. Ya raɗa wa wani mashigi sunan sabuwar matarsa Marguerite, wani tsibiri kuma sunan mahaifinsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya juya arewa. A 1928 ya shiga neman ɗan Norway Roald Amundsen, wanda jirgin samansa ya ɓace, ba a kuwa same shi ba. A 1934 ya kai matashin mai bincike Paul-Émile Victor ƙasar Girinland.

Ranar 16 ga Satumba 1936, yana da shekara 69, guguwa ta jefa Pourquoi-Pas ? kan duwatsu a gaɓar Aisland. Mutum 40 suka halaka, har da shi. Mutum ɗaya tak ya tsira, Eugène Gonidec, kuma ya ba da labarin cewa kafin jirgin ya nutse Charcot ya saki wata tsuntsuwar teku da yake kiwo. Faransa ta yi masa jana'izar ƙasa a cocin Notre-Dame.

A 2021 wani jirgin yawon buɗe ido mai fasa ƙanƙara, Le Commandant Charcot, ya isa ƙurewar arewacin duniya ɗauke da sunansa, wurin da shi kansa bai taɓa takawa ba.