Henry Heinz: Ɗan mai buga tubali da ya sauya abin da duniya ke zuba wa soyayyen dankali

Ka tara mutum goma daga ƙasashe goma ka tambaye su abin da ya fi dacewa da soyayyen dankalin turawa, sai dankalin ya huce gardama ba ta mutu ba. A Beljiyam da Holan mayonis ake lafta masa, wato abin da a Najeriya aka fi sani da bama. Mutanen Birtaniya gishiri da ruwan khal suke yayyafawa. A lardin Quebec na Kanada romon nama mai kauri da gutsattsarin cuku ake zubawa har dankalin ya jiƙe. Mai suyar bakin titi a Kano ko Damagaram yaji za ta barbaɗa maka, takwararta ta zangon Kumasi kuma ta ɗebo maka shito. Amma a mafi yawan gidajen abincin gaggawa na duniya, abin da za a miƙo maka ko ba ka tambaya ba shi ne jar miyar tumatir mai kauri, mai zaƙi da ɗan tsami, wadda ake kira kecof.

Wannan kauri da wannan zaƙi suna da asali. Sun samu ne daga wata rigima da aka yi a Amurka fiye da shekara 100 da suka wuce a kan abin da ya halatta a zuba cikin abincin da ake sayar wa jama'a, kuma mutumin da ya tsaya a tsakiyar rigimar shi ne Henry John Heinz.

An haife shi ranar 11 ga watan Oktoban 1844 a yankin Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania. Iyayensa Jamusawa ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Mahaifinsa ya fito daga Kallstadt, ƙauyen da kakan Donald Trump ya fito, kuma sana'arsa buga tubali a garin Sharpsburg, inda iyalin suka zauna. Henry ne babba a cikin 'ya'yan gidan. Tun yana ƙaramin yaro yake tallar rarar kayan lambun mahaifiyarsa, da fari a kwando, daga baya a baro, kafin ya kai ga keken doki da yake kai kaya wa masu kantuna a cikin Pittsburgh.

Abin da ya fara fito da sunansa wata saiwa ce mai yaji da ake kira hosradish, wadda Jamusawa da Ingilishi ke ci da nama. Gurza ta aiki ne mai sa hawaye, don haka matan gida suka fi son su sayi gurzajjiya. Masu sayarwa kuwa sukan zuba ta cikin kwalabe masu duhu, domin kada a ga abin da suka cuɗa a ciki don ta yi auki. Heinz ya zuba tasa a farar kwalba wadda ake hango abin da ke ciki. Dabara ce ƙarama, amma duk rayuwarsa ta kasuwanci a kanta ya gina.

Karyewar jari

A 1869 ya auri Sarah Young, kuma a shekarar ya kafa kamfani tare da abokinsa Clarence Noble. Kasuwa ta buɗe, suka ƙara da kokwamba da ake jiƙawa cikin ruwan khal da gishiri, suka buɗe rassa a wasu jihohi. Sai tattalin arzikin Amurka ya shiga mawuyacin hali daga 1873, bankuna suka ƙi ba da bashi. Ana cikin haka aka yi damina mai albarka a 1875 a gonakin jihar Illinois, inda kamfanin ya riga ya yi alkawarin sayen duk kokwambar da manoma suka noma a kan farashin da aka yanke tun kafin shuka. Kokwamba ta yi ta kwararowa, kuɗin biya babu. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya durƙushe.

Heinz yana da shekara 31 a lokacin. Masu bin bashi suka zarge shi da zamba, aka kama shi, daga baya aka wanke shi. Aka yi wa kayan gidan iyayensa kuɗi, kuma masu kantunan da ya daɗe yana hulɗa da su suka ƙi ba shi bashin abinci. Doka ta yafe masa basussukan da ke kan kamfanin, amma ya rubuta sunayen masu binsa a wani ɗan littafi, ya riƙa biyan kasonsa sannu a hankali har ya gama.

Tun da doka ba ta yarda wanda ya karye ya mallaki kamfani nan take ba, a 1876 aka kafa sabo da sunan ƙanensa John da ɗan uwansa Frederick, da jarin dala 3,000 wanda matarsa ta ba da kaso mai tsoka a ciki. Shi kuwa ya zama manaja mai karɓar albashi. A wannan shekarar ce suka fara sayar da kecof.

Abin da ke cikin kwalba

Ba Heinz ne ya ƙirƙiro kecof ba, kuma asalinsa ma ba na tumatir ba ne. Masana harshe da dama suna danganta sunan da wani romon kifi mai gishiri na mutanen kudancin China, wanda fataken Ingila suka tarar a kasuwannin kudu maso gabashin Asiya. Da suka koma gida sai suka riƙa kwaikwayonsa da naman kaza da gyaɗar walnat. Na tumatir ya bayyana ne a Amurka a farkon ƙarni na 19, kuma tsinkakke ne, ba shi da kauri irin na yau.

Matsalar tumatir kowane manomin Kadawa ya san ta: lokacinsa gajere ne, kuma ba ya jira. Masana'antun Amurka na wancan zamani sukan tara ɓawo da ragowar tumatirin da ya rage daga masu zuba shi a gwangwani, su adana a ganguna na watanni. Kafin a zo dafawa ya fara ruɓewa, launinsa ya dusashe. Sai a zuba masa rinin da ake samu daga kwalta don ya yi ja, a ƙara sinadarin hana lalacewa, galibi wanda ake kira benzowet. Shi ma Heinz ya yi amfani da irin waɗannan sinadarai shekaru da dama, kamar kowa.

Wanda ya tayar da ƙurar shi ne Harvey Wiley, babban masanin sinadarai na ma'aikatar noma ta Amurka. Daga 1902 ya tara matasa 'yan sa-kai yana ciyar da su abinci mai ɗauke da sinadaran da masana'antu ke amfani da su, yana lura da abin da ke faruwa da lafiyarsu. Ya hakikance cewa benzowet na da illa, kuma babbar illarsa ita ce yana rufa wa ruɓaɓɓen kaya asiri. Mafi yawan masu masana'antun abinci suka yi masa ca. Heinz ya koma ɓangarensa, har ya tura ɗansa Howard cikin tawagar da ta je neman goyon bayan Shugaba Theodore Roosevelt. Ranar 30 ga watan Yunin 1906 aka sa hannu a kan dokar tsaftar abinci da magunguna, wadda ita ce tushen hukumar da ke sa ido kan abinci da magani a Amurka har yau.

Kafin ya iya tsayawa a wannan matsayi sai da ma'aikatan ɗakin bincikensa suka samo hanyar yin kecof da ba zai lalace ba ko babu sinadarin. Suka koma amfani da nunannen tumatir sabon tsinka, wanda ke da sinadarin da ke sa miya kauri da kanta. Suka ƙara ruwan khal sosai domin tsaminsa ya hana ƙwayoyin cuta rayuwa, sannan suka ƙara sukari domin ya danne tsamin. Abin da ya fito shi ne miya mai kauri da ke maƙalewa a jikin abinci maimakon ta zube, wadda ta haɗa zaƙi da tsami da gishiri a loma ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsoma zazzafan dankali a cikinta ya san amfanin wannan kauri.

Masu sukarsa sun ce ba tausayin jama'a ne ya motsa shi ba, lissafin kasuwa ne, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Sabon kecof ɗin ya fi na abokan hamayyarsa tsada nesa ba kusa ba, kuma ƙananan masana'antu ba su da ƙarfin sayen sabon tumatir da injunan da za su yi gogayya da shi. Tsaurara doka riba ce a gare shi. Haka kuma wani kwamitin masana da gwamnati ta kafa ya yanke a 1909 cewa benzowet kaɗan ba ya cutarwa, kuma har yau ana amfani da shi a abubuwan sha da yawa. Ke nan a fagen kimiyya Wiley bai yi cikakkiyar nasara ba. A kasuwa kuwa magana ta riga ta ƙare, domin matan gida sun karkata ga kwalbar da aka ce musu babu abin da aka ɓoye a cikinta. Zuwa 1907 kamfanin yana fitar da kwalba miliyan 12 ta kecof a shekara.

Gwanin talla

A 1886 ya je Landan da samfurin kayansa a jaka, ya shiga kantin Fortnum & Mason mai sayar wa gidan sarauta kaya, aka karɓi dukkan nau'i bakwai da ya kawo. Bayan shekara biyu ya saye hannun jarin 'yan uwansa, kamfanin ya koma sunansa. Lambar 57 da ke jikin kwalaben har yau ta samu ne a 1896, bayan ya ga tallar wani mai takalma a jirgin ƙasa a New York yana alfahari da samfuri 21. Kayan Heinz a lokacin sun haura 60. Lambar ce kawai ta kwanta masa.

A masana'antarsa ta Pittsburgh, inda mafi yawan ma'aikata 'yan mata ne 'ya'yan baƙin haure, akwai tufafin aiki masu tsafta, da likita, da wurin hutawa a saman bene, har da mai gyara wa masu taɓa abinci farce duk mako. Ya buɗe ƙofa ga maziyarta su zo su gani da idonsu. Kyautatawa ce irin ta uban gida, wadda ta taimaka wajen hana ƙungiyoyin ƙwadago samun gindin zama a wurin, a birnin da aka zubar da jini a yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa da na ƙarfe.

Matarsa ta rasu a 1894, bai sake aure ba. Sauran shekarunsa ya ba da lokaci mai yawa ga harkar makarantun ranar Lahadi na coci. Ya mutu ranar 14 ga watan Mayun 1919 bayan ciwon sanyin huhu, yana da shekara 74, ɗansa Howard ya gaje shi.

A zamaninsa kecof abokin nama ne da kifi da ƙwai. Ƙawancensa da soyayyen dankali ya ƙullu sosai ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gidajen abincin gaggawa suka bazu a titunan Amurka, sannan a ƙarshen shekarun 1960 kamfanin ya fara zuba shi a ƙananan ledoji na mutum ɗaya. McDonald's ya yi kusan shekara 40 yana sayen kecof ɗin Heinz, har zuwa 2013, lokacin da sababbin masu kamfanin suka naɗa tsohon shugaban Burger King ya jagorance shi. McDonald's ya yanke hulɗar, ya nemi kecof a wani wuri.