Mohammed Rafi: An san muryarsa, ba a san fuskarsa ba

Duk wanda ya kalli tsofaffin finafinan Indiya a gidajen silima na Kano ko Kaduna ko Jos, da wuya a ce bai ji muryar Mohammed Rafi ba, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba.

'Yan kallo dai suna ganin Dilip Kumar ko Shammi Kapoor ko Dharmendra suna motsa baki, amma mai waƙar na ainihi ya riga ya rera ta a wani ɗakin ɗaukar sauti a birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai.

Tun a shekarar 1935 aka fara wannan tsari a Indiya, inda ake naɗar waƙa tukuna, sannan a kunna ta a wurin ɗaukar fim, ɗan wasa ya riƙa bin ta da leɓe. A wannan sana'a ta ara wa wasu murya Rafi ya shafe shekaru kusan 36.

Daga shagon aski

An haife shi ne ranar 24 ga watan Disamba na shekarar 1924 a ƙauyen Kotla Sultan Singh da ke kusa da Amritsar a yankin Punjab.

A shekarar 1935 ya koma birnin Lahore, inda danginsa ke da shagon aski. Tun yana yaro yake kwaikwayon wani fakiri mai yawo yana waƙar bara, daga baya kuma ya koyi waƙar gargajiya ta Indiya a wurin malamai irin su Ustad Abdul Wahid Khan.

Waƙarsa ta farko a fim ta fito ne a Gul Baloch, wani fim na harshen Punjabi da aka saki a 1944. A wannan shekarar ce ya tafi Bombay, ya kama hayar wani ɗan ƙaramin ɗaki a unguwar Bhendi Bazar.

Da aka raba ƙasar gida biyu a 1947, Lahore ta faɗa cikin Pakistan. Fitattun mawaƙa Musulmi irin su Noor Jehan sun ƙaura, amma shi ya zaɓi ya zauna a Indiya. Matarsa ta farko ta zaɓi Pakistan, abin da ya kawo ƙarshen auren nasu.

Bayan kisan Mahatma Gandhi a 1948, ya rera masa waƙar ta'aziyya, wadda ta sa firayim minista Jawaharlal Nehru ya gayyace shi gidansa.

Murya ɗaya, fuskoki da yawa

Mai tsara kiɗa Naushad ne ya fi kowa fito da shi, musamman a fim ɗin Baiju Bawra na 1952. A cikinsa akwai wata waƙar ibada ta mabiya addinin Hindu da ta yi fice, wadda Musulmi uku suka haɗa: Shakeel Badayuni ya rubuta, Naushad ya tsara kiɗan, Rafi ya rera. Har yanzu Indiyawa kan buga misali da ita idan ana batun zaman tare, ganin cewa an yi ta ne shekaru biyar kacal bayan zubar da jinin da aka yi lokacin raba ƙasar.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne yadda yake sauya muryarsa ta dace da wanda zai hau kanta. Yakan tambayi ɗan wasan da za a ba waƙar kafin ya shiga ɗakin naɗa.

Idan Guru Dutt ne, kamar a fim ɗin Pyaasa na 1957, sai muryar ta yi sanyi, ta cika da takaici. A cikin fim ɗin dai, ya yi wa ɗan wasan barkwanci Johnny Walker waƙar mai tallan tausar kai, da wata murya ta raha dabam. Idan kuwa Shammi Kapoor ne, kamar a Junglee na 1961, sai ta koma ta matashi mai rawar kai.

Hatta Kishore Kumar, wanda shi ma gawurtaccen mawaƙi ne, Rafi ya taɓa ara masa murya a fim ɗin Ragini na 1958.

Ya kuma rera ƙawwali da waƙoƙin yabon Manzon Allah (SAW). Masu bincike sun ƙiyasta cewa waƙoƙinsa sun kai tsakanin 5,000 zuwa 7,000 a harsuna daban-daban.

A Kano ma, inda finafinan Indiya suka samu karɓuwa tun daga shekarun 1950, masu bandiri irin su ƙungiyar Ushaqu Indiya sun riƙa ɗora baitocin bege a kan karin waƙoƙin finafinan.

Saɓani da Lata

A farkon shekarun 1960 ne saɓani ya shiga tsakaninsa da Lata Mangeshkar, wadda suka rera waƙoƙi da dama tare.

Masu shirya fim a lokacin suna ba wasu masu tsara kiɗa kashi 5 cikin 100 na cinikin waƙa, ita kuma ta nemi a riƙa ba mawaƙa rabin wannan kaso. Rafi ya ƙi mara mata baya. A ganinsa, da zarar an biya mawaƙi ladan da aka yi alkawari, to haƙƙinsa ya ƙare, tun da mai fim ne ke ɗaukar asara idan fim ya faɗi.

Sun yi shekaru ba sa waƙa tare kafin a sasanta su. Daga bisani dai doka ta karkata ga ra'ayin Lata, domin gyaran da majalisar dokokin Indiya ta yi wa dokar haƙƙin mallaka a 2012 ya ba mawaƙa damar karɓar kaso.

Sai dai matsayin nasa ya yi daidai da halinsa. An san shi da karɓar kuɗi kaɗan daga sababbin masu tsara kiɗa. Ba ya shan giya ko taba, ba ya halartar shagulgulan 'yan fim, kuma ya yi aikin Hajji.

Ja da baya da dawowa

Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Shri a 1967. Amma bayan fitowar fim ɗin Aradhana a 1969, tauraron Rajesh Khanna ya haska, kuma muryar Kishore Kumar ce aka fi ɗora masa. Aiki ya ragu a wurin Rafi, har wasu suka ɗauka zamaninsa ya wuce.

Ya sake farfaɗowa da Laila Majnu a 1976 da Amar Akbar Anthony a 1977. Wata waƙa da ya yi a fim ɗin Hum Kisise Kum Naheen, shi ma na 1977, ta samo masa lambar yabo ta ƙasa, da kuma kyautar Filmfare karo na shida.

Ya rasu ne sakamakon bugun zuciya ranar 31 ga watan Yuli na 1980, cikin watan Ramadan, yana da shekaru 55. Waƙarsa ta ƙarshe ta fito a fim ɗin Aas Paas bayan rasuwarsa.

Fiye da mutane 10,000 ne, Musulmi da Hindu, suka raka gawarsa cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya zuwa maƙabartar Musulmi ta Juhu.

A shekarar 2010 aka ba da rahoton cewa masu kula da maƙabartar sun baje ginin da ke kan kabarinsa, tare da na wasu fitattun 'yan fim irin su Madhubala, domin samar da wurin binne wasu mamatan.

Masoyansa da ke kai ziyara a ranar haihuwarsa da ranar rasuwarsa sai suka koma amfani da wata bishiyar kwakwa da ke kusa a matsayin alamar inda yake kwance.